Kwamfutata Ta Sabunta Kanta, Abokina Ya Kwashe Albarkar

Shekarun baya can, lokacin da mutum ba ya wuce shingen sojoji a Potiskum sai ya ɗaga hannuwa sama, ina da ɗan shagon ɗaukar hoto a unguwar Dogo Nini. Rikicin 'yan bindiga na lokacin ya kashe sana'o'i da yawa, amma tamu sai ya raya ta ta hanya mara daɗi. Kowa na neman katin shaida, shi kuwa kati ba ya yiwuwa sai da fasfo. Direbobi, dillalan shanu, malaman makaranta, har Fulanin da suka baro ruga suka shigo gari, duk sun zauna a bencina gaban jan ƙyalle. Duk hoton da na ɗauka ina adana shi a wata tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙugi kamar injin markaɗe. Ban taɓa goge ko ɗaya ba.

Akwai abokina da muka taso layi ɗaya. Ni na koya masa riƙe kyamara, ni na nuna masa yadda ake gyara fuska a kwamfuta. Daga baya ya buɗe nasa shagon a bakin babban titi, na je na yi masa fatan alheri da bakina. Ana nan sai yayansa na Kano ya aiko masa da laftof sabuwa dal. Na sake zuwa na yi murna, wannan karon haƙorana ne kawai suka yi ta.

A wannan tsakanin tawa kwamfutar ta tsiro da sabon hali. Da zarar na haɗa ta da intanet, sai wani ɗan saƙo ya faɗo: wai an fito da sabon tsarin da kwamfuta ke tafiya a kai, kyauta, in danna a ɗora min. Ni kalmar kyautar ce ma ta fara tsorata ni. A majalisa ana ta cewa sabon tsarin yana kwashe duk abin da ke cikin na'urarka ya aika wa waɗanda suka ƙera shi. Ni kuma ina riƙe da fuskokin rabin unguwa, a zamanin da hoto guda a waya zai iya sa mutum ya kwana inda bai sani ba. Don haka kullum saƙon ya fito, sai in rufe shi. Washegari ya dawo kamar ba a kore shi ba.

Abokina kuwa tun makon farko ya ɗora. Na leƙa shagonsa wata rana na tarar da samari sun cika shi, yana shafa allo da yatsa hotuna na gudu.

“Mutumina,” in ji shi, “har yanzu kana kan tsohon nan? Zo ka ga aiki.”

Na ce, “Aikin leƙen asiri dai. Yanzu haka wani yana can ƙasar waje yana kallon hancinka.”

Samarin suka yi dariya, amma ba wanda ya biyo ni. A gida ma ban tsira ba. Matata tana zuba min tuwo ta ce, “Baban yara, an ce kwamfutar abokinka har magana take ji.” Na ce mata ai shi ya sa ba za a yi sirri a gabanta ba. Tsoron da nake ji gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Sai dai in da ni na riga shi ɗorawa, ina jin da tsoron bai kai haka girma ba.

Wata safiya wata tsohuwa ta shigo shagona daga unguwar Yindiski, Hausarta da karin Ngizimanci. Ta daɗe tana gaisuwa kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Ɗanta direban tirela ne. Ya kama hanyar Damaturu, aka tsinci motar gaba da Damagum, shi kuwa har ranar ba labari. Ya bar matarsa da ciki, ta haifi mace, ga yarinyar ta fara baki tana tambayar kamannin babanta. Katinsa yana aljihunsa ranar da ya tafi, ba su da wani hoton. An gaya mata a wurina ya yi fasfo.

Muka zauna muna buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta ce, “Tsaya!” Ta miƙa hannu ta dafa gilashin allon. Ta so a wanke mata babba a sa a firam. Babbar takarda ta ƙare min, na ce, “Inna, ki dawo ranar kasuwa, in Allah ya so za ki same shi.”

Kashegari na haɗa intanet zan tura wani aiki, saƙon nan ya faɗo, na rufe shi yadda na saba, na tafi sallar azahar. Ina dawowa na tarar da allon ya koma shuɗi, wasu ɗigo-ɗigo na zagayawa, da rubutu wai kada in kashe. Ta fara ɗora sabon tsarin da kanta! Na tsaya ina yi wa ƙarfe faɗa: “Wa ya aike ki? Yaushe na ce eh?” Ban rufe baki ba aka ɗauke wuta. Kafin in tayar da janareta ta riga ta mutu. Da na kunna ta, ba tsohon, ba sabon. Ɗigon nan kawai suke ta zagaye.

Na kashe na kunna har yatsana ya gaji. Mai gyaran da muke da shi, wani Kirista ɗan kudu, tuni ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Ga ranar kasuwa na matsowa. Da na rufe ido sai in ga hannun tsohuwar nan a kan gilashi. Kuma ba ɗanta kaɗai ba ne a ciki. Na san mutane da dama a kwamfutar nan da ba su a duniya.

Matata ta ce, “Ka kai wa abokinka mana.”

Na ce, “Shi? Wanda na koya wa kunna ta?”

Ta ce, “To ka koya wa tsohuwar haƙuri.”

Haka na naɗe akwatin kwamfutar da zani na fito. An hana babur a gari, mai keke napep kuma yana hango wayoyi na leƙowa daga zanin ya ƙara wuta. Na ɗora a ka. Mutane suka riƙa tsallake titi suna ba ni hanya, wata mai ƙosai ta bar kaskonta a wuta. A shinge, tun daga nesa soja ya daka min tsawa in ajiye in buɗe. Na durƙusa cikin rana ina kwance kusoshi da makullin shago, ina rantsuwa cewa ba komai a ciki sai ƙura da hotunan bayin Allah.

Na isa shagon abokina jiƙe da gumi, na shirya wa dariyarsa. Bai yi ba, wannan ma ya fi min ciwo. Ya ba ni ruwa, ya zaro ɗan faifan da ke riƙe da ajiyar, ya haɗa shi da laftof ɗinsa da wata waya. Allah ya yafe min, a raina na so ta ɗan wahalar da shi ko kaɗan. Ina! Nan take hotunan suka jeru, ba wanda ya ɓata. Yana cikin kwafewa ya rage murya ya ce, “Ka san ni ma tun da na ɗora abin nan sikana, na'urata ta kwafe hoto, ta daina aiki? Kunya ce ta hana ni faɗa.” Na ce, “Ayya, sannu.” Rabona da jin daɗi irin na wannan ayyar har na manta.

Tunda tawa ta kwanta, a wurinsa aka wanke hoton. Ranar kasuwa na rako tsohuwar har shagonsa, shi ya miƙa mata firam ɗin. Ta rungume shi a ƙirji, hawaye na zuba, ta kama hannun abokina.

“Ɗan nan, kai ka dawo min da shi. Allah ya yi maka albarka, Allah ya tsare ka a hanya, Allah ya ba ka masu jin ƙanka.”

Abokina ya ce, “Inna, ai ga wanda ya ɗauka nan.”

Ta waiwayo ta dube ni. “Kai ma sannu. A dinga kula da kayan mutane.”

Labari ya bazu cewa akwai shagon da ake samun hoton wanda ya ɓata. Mata suka riƙa zuwa wurinsa daga unguwanni. Da yardata aka bar ajiyar a laftof ɗinsa, don tawa ta daɗe kafin ta tashi, kuma bai taɓa karɓar ko kwabo a kan hotunan ba. Ko wannan ƙofar ta zargi bai bar min ba.

Yau gari ya lafa, muna nan tare da shi, 'ya'yansa Baba suke ce min. Kwamfuta kuwa har gobe ban yarda da ita ba. Duk wadda ta ce min za ta sabunta kanta, sai na kwashe kayana na adana a wani wurin tukuna. Da ina ɗauka laftof ɗin nake wa kishi. Da na sayi tawa, wadda ta fi tasa, sai na ga abin bai tafi ba. Addu'ar nan ce nake so, ita kuwa ba a sayar da ita.

Kwanakin baya aka kira ni ɗaukar hoton suna a Yindiski, ashe gidan tsohuwar nan ne. Hoton na rataye a bango, da tambarin shagon abokina a kusurwa. Yarinyar ta girma, ta nuna min shi ta ce, “Babana ne, mai fara'a ne.” Sai na tuna ranar. Ya shigo a gurguje, mota na jiransa, na tsokane shi cewa direban tirela ba ya wanka sai a hoto. Ya tuntsire da dariya, na yi ta fama ya rufe baki don fasfo ba ya son dariya, ya kasa rufewa duka. Ragowar dariyar ce yarinyar take kallo kullum.

Na buɗe baki zan gaya mata, sai kawai na ce, “Ƙwarai, mai fara'a ne.” Na ɗaga kyamara na ce ta matso kusa da shi.