Yadda Naman Ƙirjina Ya Tsinke a Agege

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da na saka hoton nan nawa da harami ake ta tambayata me ya sami ƙirjina na dama, ya lotsa haka ga kuma tabo. Shekaru na yi ba na son zancen. Yau dai zan faɗa.

Lokacin da soja suka miƙa wa farar hula mulki ina saurayi a Agege, ina dakon nama a mayanka. Bayan gidanmu muke ɗaga ƙarfe: bencin katako, sandar ƙarfe, da gwangwanayen fenti da muka cika da siminti. A unguwar kaf babu mai ƙirjina.

Akwai Bulus, ɗan kudancin Kaduna, mai gadin wani shago a Iyana Ipaja. Siriri ya zo mana. Ni na koya masa kwanciya a benci, ni na koya masa riƙon sanda. Oga Sale yake kirana.

Sai wani sabon Honarabul ya nemi ƙato ɗaya da zai riƙa tsaya masa a baya. Aka kai ni, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce in fara bayan Sallah.

Kafin Sallar, wata la'asar, ina kwance ina tura nauyin da na saba turawa kullum. Sai na ji kamar an yaga sabon yadi a cikin hammatata. Hannuna ya saki. Da Bulus bai cafe sandar ba, a wuyana za ta sauka.

Washegari ƙirjina da damtsena suka kumbura suka yi baƙi. Inna ta kai ni wajen mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya murza ya ja har na ga duhu. Aka yi ta shafe-shafe. Kofin shayi ya gagare ni ɗagawa.

Da muka je asibiti hoton farko ya nuna ƙashi lafiya lau. Aka tura ni wani hoton, aka ɗebi jini, aka yi ta ce mana mu dawo.

Ƙarshe likita ya ce, "Naman ƙirjinka ya tsinke daga inda yake riƙe da ƙashin hannu. Ga shi kun makara, ya ja baya."

Na ce, "Likita, zan sake ɗaga ƙarfe?"

Ya ce, "Fara tambayata ko za ka iya sa hula da hannunka."

Keken ɗinkin Inna ne ya tafi a kuɗin tiyata. Ranar da za a shiga da ni, ina ta tunanin zan farka da mataccen hannu.

Na farka, alhamdu lillahi, hannu a ɗaure a ƙirji.

Ina gadon asibiti Bulus ya shigo da baƙar riga da baƙin tabarau. Ya tsuguna ya ce, "Oga Sale, Honarabul ya ce ba zai jira ba. Na ce masa aikinka ne. Ya ce in ban karɓa ba zai ɗauko wani daga Obalende."

Na ce, "Allah ya sanya alheri."

Bakina ne kawai ya faɗa.

Daga nan ciwona ya zama biyu. Duk zuwan da zai yi sai in ga ya ƙara faɗi, ni kuwa ina zubewa kamar kitse a wuta. Nas-nas da ba sa kallona sai da allura, in ya shigo har kujera suke jawo masa. Ya kawo farfesu ya ba ni a baki, ni kuma idona na kan damtsensa. Wani lokaci in na jiyo muryarsa sai in rufe ido kamar mai barci.

Inna ta gane. Ta ce, "Sale, ba Bulus ne ya yaga maka nama ba."

Na sani. Sanin bai rage komai ba.

Bayan sallama aka sa ni zuwa gashin ƙashi wajen wata mata a asibiti. Ni da nake tura siminti, aka miƙo mini gwangwanin madara aka ce in ɗaga. Aka ce in riƙa hawa bango da yatsu. Ina ɗaki ina wannan wahala, ina jiyo ƙarar ƙarfe a bayan gida ana kirarin Bulus. Rannan motocin Honarabul suka wuce ta layinmu, yana maƙale a jikin ƙofar jif, mutane na ɗaga masa hannu. Ranar ban ci abinci ba.

Da ya sake zuwa na kasa daurewa. Na ce, "Bulus, ka daina zuwa gidan nan."

Ya cire tabarau ya ce, "Ina ganin yadda kake kallona, Oga. Ji haushina yadda kake so, amma tashi ka kama bangon nan tukuna."

Ya tallafe gwiwar hannuna. Don tsabar takaici na tura yatsuna har suka wuce kaina, inda ba su taɓa kaiwa ba tun tiyata. Na yi ihu, na zage shi, ya yi dariya. Bai fasa zuwa ba.

A hankali hannu ya dawo. Na koma mayanka, amma kan tebur, ina yanka ina sayarwa. Ƙirjin bai dawo ba.

Masu ɗaga ƙarfe, ku ɗumama jiki kafin ku kwanta a benci. Kada ku tura nauyi ba mai tsaye a kanku. In kun ji wani abu ya yage, wurin ya yi baƙi, ku wuce asibiti ranar, kada a murza muku.

Na gode wa Allah. Allah ya ji ƙan Inna. Likitan nan da matar da ta yi mini gashi, Allah ya saka musu da alheri.

Bulus, na san za ka karanta. Na gode, ɗan uwana. Amma ga shi mun tsufa, ni na yi tumbi, kai kuwa ƙirjin yana nan daram. Wannan kam har yau ban yafe maka ba.