Hotunan Yaya Sanusi da Babu Kowa a Ciki

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sanusi mai hoto, kuma bana haushi ya fi kewa yawa a zuciyata. Haushin kaina nake ji.

Daga Jega yake hawa babur ya tafi jami'a ɗaukar ɗalibai hoto. Amma da ya samu sarari sai ya juya ga manyan gine-ginen nan na zallar kankare, ba filasta ba fenti, waɗanda mu muke ɗauka ba a gama su ba ne. Na taɓa raka shi, rana tana dukanmu, shi yana jiran inuwa ta sauko kan wani bango. Na ce, "Yaya, mi kaka ɗauka? Babu kowa wurin." Ya ce, "Taɓa ka ji. Katakon da anka zuba kankaren ciki ya bar zanenai. Da gangan anka bar shi hakanan." Na taɓa, na ji bango kawai.

Bayan sadakar arba'in aka ce in gyara ɗakinsa. Hoton da ke da mutum na nemi mai shi na ba shi, har Maiyama na kai wasu. Wanda babu kowa a ciki na ce lalatacce ne, don a wurinmu hoto fuska ne. Kwali guda cur, na kai bola na ƙyasta ashana. Kyamarar kuwa wani ɗan'uwa ya karɓa, ya goge katin ajiyar hotunan da ke cikinta ya tafi ɗaukar biki.

Yau an shafe gine-ginen da filasta, an bi su da fenti ruwan ƙwai da shuɗi, sai ka ce shagon sayar da waya. Da Yaya zai gani ba zai yi faɗa ba, tsaki zai ja ya rufe kyamara. Saura gini ɗaya. Watan jiya wata malama mai koyar da zanen gine-gine ta nemo ni, tana son hotunan Yaya ta nuna wa hukumar makarantar abin da aka rufe, ko a ƙyale na ƙarshen. Ta ce ban da shi babu wanda ya ɗauke su.

Abin da ya rage na aikinsa yana rataye a falon mutane. Yanzu gida-gida nake bi ina roƙon aron hotunan kammala karatu. Masu gida suna nuna mini 'ya'yansu cikin riga da hula, ni kuwa ina leƙen ɗan bangon da ya fito ta bayan kunnensu.