Ƙwallon da ke leƙowa ta saman zana

Shekarun baya, lokacin ina saurayi ina taya mahaifina sana'ar albasa a Aliero, na taɓa son wata yarinya da ban san fuskarta ba, ban san sunanta ba, ban ma taɓa jin muryarta ba. Abin da kawai na sani nata shi ne yadda take jefa ƙwallo.

A lokacin akwai wasu ƙananan kwalejoji biyu, ɗaya a Jega, ɗaya a wajenmu, kowace da 'yan matanta masu buga ƙwallon kwando. Iyaye da malaman gari ba su amince da wasan ba sai da aka kafa sharaɗi: a kewaye filin da zana hawa biyu, kuma namiji ba zai shiga ba. Alƙaliyar wasa mace, masu kallo mata. Filin Jega ne kaɗai aka kewaye, don haka can ake yin kowane wasa. Mu samari sai muka mai da gindin wata darbejiya da ke bayan zanar wurin zamanmu. Daga nan ba ka ganin komai sai allo da zoben ƙarfen da ke jikinsa. Sauran wasan da kunne muke kallonsa: busar usur, dukan ƙwallo a siminti, da guɗar mata idan an ci.

Amma fa musun da muke tafkawa, sai ka rantse mu muka koya musu wasan.

Akwai wani ƙwallo da ya bambanta da sauran. Daga nesa yake tasowa, ya wuce saman zana, ya yi ta hawa a hankali yana juyawa baya-baya, har ya zama kamar ya tsaya yana tunani, sannan ya sauko cikin raga ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. Duk lokacin da ya sauka, matan Jega ne ke guɗa. Ranar da na fara ganinsa, da la'asar sakaliya, rana ta haske gefensa kamar wata ɗan kwana goma sha huɗu, na ji ƙirjina ya yi wani iri. Daga ranar na koma goyon bayan Jega, ni haifaffen Aliero.

Ku sani ni mutum ne da littattafan soyayya suka rena. A kasuwar Jega nake sayensu, in ɓoye a rumbun albasa, har takardunsu suka ɗauki warin. Saboda haka ban sha wahalar ƙera mai jefa ƙwallon nan a zuciyata ba: doguwa, siririya, mai dogayen yatsu da jan lalle, mai tafiya kamar ba ta son taka ƙasa.

Abokina, wanda ke ɗauko ni a babur ɗinsa, shi ne babban abokin musuna.

"Kai dai ba ka san ƙwallo ba," in ji shi. "Tamu ta Aliero kutsawa takai har gindin ƙarhe ta aje shi ta juyo. Taka wagga kamar mai aika saƙo ga shamuwa."

"Ka taɓa jin nata ya taɓa ƙarfe?"

"Ka taɓa jin an ba mutum maki don ƙwallo nai ya yi kyau? Kuma bari in gaya maka, gajera ce."

"Wallahi doguwa ce."

"Doguwa mi za ta yi da ɗaga ƙwallo har can? Wadda anka tsare wa gaba ita ka jehwa sama. Ɗan littahi, ka yi tunani."

Na miƙe tsaye ina bayyana tsawonta da hannu, ina rantsuwa, samarin Jega suna tafa mini, namu na Aliero suna kirana maci amanar gari. Haka muka yi ta yi kusan kowane mako.

Ƙanwata tana shiga kallo, amma ba ta da amfani gare ni. Matan sun yi alƙawari tsakaninsu ba mai fitar da kamannin 'yar wasa waje. Na lallashe ta, na saya mata tsire, ta cinye ta ce, "Yaya, tsiren ya yi daɗi, amma ban ga kowa ba." Idan an tashi kuwa, dukansu cikin dogayen hijabai iri ɗaya suke fitowa ta wata ƙofa su shige bas.

Ana nan sai ga wasan ƙarshe na shekara, kuma ƙanwata ta yi suɓul da baka ta ce mai jefawar ta gama karatu, daga wannan sai gida, Maiyama. Na san idan bas ɗin nan ya tashi ban gane ta ba, shi ke nan.

Wasan ya yi zafi. Guɗa ta tashi nan, ta tashi can, har muka rasa wa ke gaba. Dab da busar ƙarshe ƙwallona ya taso. Ya hau fiye da kullum. Duk gindin darbejiyar aka yi tsit. Ya sauko, sai muka ji ƙarar da ba mu taɓa ji daga gare shi ba, ƙarar ƙarfe. Matan Aliero suka ɓarke da guɗa. Abokina ya dafa kafaɗata, abin da ya fi mini zagi ciwo. Na tsaya bakin hanya ina duba tagogin bas ɗin, ina neman doguwa mai kuka. Ban ga komai ba sai hijabai.

Damina ta zo ta wuce, rani ya shigo, aka cire albasa. Na daina karanta littattafan, don duk jarumar da na buɗe sai in gan ta riƙe da ƙwallo.

Wata rana mahaifina ya aike ni wani ƙauye a ƙasar Maiyama in duba albasar wani dattijo kafin a loda. Muna tsaye a ƙofar gidansa yana buɗe mini buhuna, matan gidan suna daga ciki, bayan zana, suna tsince ruɓaɓɓu. Can gefe a waje akwai wani rabin duro da ake tara ruɓaɓɓun. Sai na ga wata albasa ta taso daga cikin gida, ta wuce saman zana, tana hawa a hankali tana juyawa baya-baya. Ta tsaya kamar tana tunani. Ta faɗa tsakiyar duron ba ta taɓa bakinsa ba.

Buhun da ke hannuna ya kife.

"Baba, wa ke jefo albasar nan?"

"Autata ce," in ji shi yana girgiza kai. "Ragwanci. An ce ta tara a tasa ta kawo, ta ƙiya. Tun da tad dawo makaranta komi sai ta jehwa." Ya ɗaga murya: "Ke, kawo ma baƙo ruwa."

Ta fito da kwanon ruwa. Jama'a, ko kafaɗata ba ta kai ba. Ba lalle a hannunta, sai ɓawon albasa da ya manne a yatsu. Na sha ruwan nan har ƙasa ba don ƙishi ba, don dai in sami inda zan ɓoye fuskata.

Da na koma gida na gaya wa kawuna, shi ya je ya nema mini izinin zuwa zance. Ranar da na fara zuwa, na shirya kalamai masu nauyi tun daga garin Sabiyal nake maimaita su a kan babur. Ina yin sallama a zaure ta ɗago kai da sauri.

"Sake magana in ji."

Na sake gaishe ta.

"Kai ne," ta ce, ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya. "Kai ne mai rantsuwa a bayan zana. Kuna zaton ba mu jin ku? Duk ranar da kac ce doguwa ce, har alƙaliya sai ta yi dariya usur ya faɗo mata." Sai dariyar ta ɗauke. "To ga ni, Malam. Ba ni ce kake nema ba. Ka tahi ka nemi doguwarka."

Duk kalaman da na haddace suka watse. Na ga da gaske take, ta ma fara gyara takalminta za ta shige gida.

Na ce, "Doguwar ni na ƙera ta. Ƙwallon kuwa da idona na gan shi. Mai shi nake nema."

Ta tsaya. "Wanga a wane littahi ka karanto shi?"

"Wannan nawa ne."

Ta daɗe tana kallon tabarma, sannan ta koma ta zauna.

Yau ita ce uwar 'ya'yana. Musun kuwa na sha kaye a cikinsa har a gidana, don a gaban abokina ta ce 'yar Aliero ta fi ta iyawa nesa ba kusa ba, ita gajarta ce ta tilasta mata jefawa sama. Har yanzu idan ya zo cin tuwo sai ya tambaye ni lafiyar doguwa.

Nakan yi tunanin yadda na kusa wuce ta a hanya ina ɗaga kai sama. Littattafan sun ba ni fuska da tsawo da lalle, duk ba ɗaya da ya zo daidai. Ɗan abin nan da na gani da idona ta saman zana, shi kaɗai ne bai yi mini ƙarya ba.

Ban taɓa ganin ta tana wasa ba, kuma ba zan gani ba. Yanzu ita ke koyar da 'yan matan a filin nan na Jega, zanar tana nan, sharaɗin yana nan. Nakan kai ta a babur in zauna gindin darbejiya cikin sababbin samari masu sabon musu. Wani lokaci, kafin a busa usur, sai wani ƙwallo ya taso ta saman zana yana juyawa baya-baya. Yaran sukan bi shi da kallo. Kwanan baya ɗayansu ya dafe ƙirji ya ce wannan ko ba a faɗa ba doguwa ce.

Na gyara zama na ce masa, "Yaro, zo mu yi musu."