Ƙofar Goggo, Inci Arba'in da Biyu

"Ki gaya wa kafintan nan naki ya zo ya cire abarsa kafin Asabar. Magini zai mayar da bangon yadda yake."

Ɗanki Yaya Injiniya ne ya faɗa mini haka jiya a tsakiyar falonsa, hannunsa cikin na wani baƙo da ya zo gaisuwa. Kwana huɗu ke nan da binne ki, Goggo.

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Allah Ya karɓi ranki ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, kina da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar wata goma sha huɗu. Ke ce yayar mahaifina, ke kika riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma ke kaɗai ce a danginmu ba ki taɓa tambayata yaushe zan gama karatu ba. Da na gama ɗin, sai kika sa mini suna Likitar Takarda, wadda ba ta allura.

Shekara arba'in kina yi wa matan unguwa wankan gawa. Duk gidan da kika shiga, maganarki ta farko ɗaya ce: "A ja ƙofa." Abin da kika gani a bayan ƙofofin nan kin tafi da shi kabari. Na tuna wata maƙwabciya da ta taɓa matsa miki, wai da gaske ne an ga tabon duka a jikin wance? Kika ce, "Ni ruwa na je zubawa, ba kallo ba." Ba ta sake ba.

Ni ma na ci wannan alheri. Shekarata ta farko a jami'a na faɗi jarrabawa, na dawo gida ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Kika tura ni ɗakinki, kika ja ƙofa, kika kafa kujera a bakinta. Duk wanda ya tambaye ni sai ki ce, "Tana karatu." Kwana biyu na yi ina kuka a ciki ba wanda ya ga idona. A na uku kika buɗe kika ce, "To, ya isa. Tashi ki yi karatun da na yi ta yi miki ƙarya a kansa."

Da ɓarin jikinki na hagu ya shanye, ɗanki ya ɗauko ki zuwa gidansa. Ba zan ci haƙƙinsa ba: ya kai ki asibiti mai kyau, ya sayi keken guragu mafi tsada, ya ɗauki nas. Tun da ba kya iya hawa bene, aka ba ki ɗakin da ke kallon falo. Keken ya ƙi shiga, sai aka fasa bango aka faɗaɗa bakin ɗakin, aka cire tsohuwar ƙofar, aka rataya labule. Na kwana biyu ne, in ji shi.

Sai da na ga kwana biyun sun zama wata huɗu na ɗauki tef na auna da kaina. Faɗi inci arba'in da biyu daga sama, arba'in da ɗaya da rabi daga ƙasa, domin maginin ma da saurinsa ya zo. Tsawon kuma ya ragu, saboda gangaren simintin da aka yi wa keken. Na zaga shagunan masu ƙofofi har bakwai. Ko'ina amsar ɗaya ce: akwai talatin, akwai talatin da biyu, akwai talatin da shida, daga nan kuma sai mai murfi biyu, wadda ta yi yawa. Wani mai shago ya duba takardata ya ce, "Hajiya, wannan ɗaki ne ko gareji?"

A ƙarshe na je wurin Dogo, kafintan da ke ƙarshen layinsu. Ya zo ya auna sau uku, sannan ya durƙusa ya gaishe ki, ya yi tambayar da duk masu digirin gidan ba mu yi ba: "Baba, wane hannun ne ke aiki?" Kwana shida ya kawo ƙofa ta farin katako, ba ado ko ɗaya, ya sa mata sakata ƙasa-ƙasa ta dama, daidai inda hannun mai zaune a keke zai kai.

Yaya ya fito ya kalle ta kamar an kawo masa mushe. Ga wanda bai san gidan ba, ƙofofinsa goma sha huɗu ne, duk iri ɗaya, launi ɗaya, daga waje aka kawo su, kuma baƙo ba ya fita sai an nuna masa su. Aikin Yaya ke nan, zanen gidaje.

"Haba ƙanwata," ya ce. "Wannan ai ta kejin kaji ce. A falona? Na riga na yi oda, tana kan ruwa."

Wata tara ta yi a kan ruwa. Ko jirgin Annabi Nuhu ne da ya sauka. Ta Dogo kuwa aka jingine ta a bayan ɗakin janareta, aka rufa mata leda. Ita dai ta samu sutura.

Ni me na yi? Na ce gidansa ne. Ni da nake tsayar da taron malamai awa guda a kan jimla ɗaya, na naɗe tef ɗina na sa a jaka. Wannan laifina ne, kuma ba na neman wanda zai taya ni ɗauka.

Falon nan ba ya rabuwa da mutane: abokan aiki, 'yan kwangila, masu kallon ƙwallo. Fankar sama tana kaɗawa, labulen yana tashi yana sauka. A bayansa ake juya ki, ake goge miki jiki, ake sa miki fo. Nas ce ta ja ni gefe wata rana ta ce kin daina shan ruwa da rana. Daga safe har baƙin ƙarshe ya tafi, ko kurɓa ba kya yi, don kada buƙata ta kama ki maza suna zaune taku biyar daga gadonki. Na shigo ina huci. Kika kama hannuna da hannunki mai lafiya.

"Likitar Takarda, ki rabu da yaron nan. Aiki ya yi masa yawa. Labule ma sutura ce."

Sannan kika ce a hankali, "Ita waccan ta Dogon, an ce har da sakata?"

Na gaya wa Yaya maganar ruwan. Ya ce zai kira masu jirgi. Likita daga baya ya ce ƙoda ce. Ban ce ƙofa ce ta kashe ki ba, Goggo, ajali ba ya jiran kafinta. Abin da na ce shi ne, matar da ta shekara arba'in tana rufe tsiraicin 'ya'yan wasu ta yi watanninta na ƙarshe da ƙishirwa a gidan ɗanta, saboda launin katako.

Ranar Laraba falon ya cika maƙil. Aka kira mai wanka, wadda ke kika koya mata aikin. Ta tsaya a bakin ɗakin, ta kalli labulen, ta kalli mazan, ta ajiye bokitinta.

"Ba na taɓa ta sai an ja ƙofa."

Aka ce mata za a riƙe labulen. Ta ce ba haka aka koya mata ba. Yaya da kansa ya nemi lambar Dogo a wurina. Dogo ya zo da gudu, ya yaye ledar, ya ɗaura ƙofar, kusoshi a bakinsa, hawaye na bin gemunsa. Na duba agogo, domin halina ne. Minti ashirin. Ko shafcen katako bai rage ba, ta zauna daram. Ba wanda ya ce ba ta dace da falon ba.

Allah Ya jiƙan ki, Goggo. Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya suturta ki ranar da asirai ke tonuwa kamar yadda kika suturta bayinSa. Ya shayar da ke daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninki mahaifina, da jikokinki, da matan unguwa da suka rasa uwa, da nas ɗin da ta yi miki abin da ta iya. Ina yi wa Yaya ma ta'aziyya, domin uwa ya rasa, kuma na ga kukansa na gaskiya ne. Na san kin yafe masa tun kafin ya nema. Ni ban kai can ba tukuna. Allah Ya yafe mana, ni da shi.

Jiya da ya gama maganarsa na ce, "Lambar Dogo tana wayarka tun ranar Laraba, Yaya. Ka kira shi da kanka, ka gaya masa dalili."

Ya buɗe baki, sai wani baƙon ya miƙo hannu.

Na shiga ɗakinki. An kwashe gadon, saura keken a kusurwa. Na zauna a kai, na tura ƙofar, na miƙa hannun dama. Sakatar tana nan daidai inda Dogo ya sa ta. Na zura ta, hayaniyar falon ta koma can nesa. Ashe abin da kike tambaya ke nan.

Na zare, na ɗauki jakata, na fito. Na ja ƙofar har sai da na ji ta kama, na ratsa ta cikin masu gaisuwa na tafi.