Ƙwallon dabino ashirin a Akokan

Mun tashi da asuba daga Tahoua, ni da saƙon Inna: in dawo mata da Yaya, tunda ramin ma'adinin Akokan ya rufe. Sau uku ina duba katin shaidata kafin tasha. Bayan Agadez kwalta ta zama tarihi, mota na tsalle, ni ina salati. A Arlit, dab da Akokan, na tambayi kuɗin tumatir, na mayar da shi a hankali kamar ƙwai. Taliya da shayi dai ba su yanke ba.

Na tarar Yaya ya kasa tsai da shawara: ko gida, ko haƙar zinariya a Tchibarakaten, ko lambu a nan. Maƙwabcinsa, tsohon injiniyan ramin, ya ba shi ƙwallon dabino ashirin, ya zana gida huɗu a ƙasa: lafiya, abin shiga, lakwal ɗin yara wato makaranta, da kusa da Inna. Ya ce Yaya ya raba ƙwallayen a gidajen gwargwadon nauyin kowanne a ransa. Daga nan a ba kowane wuri cikin ukun maki a kowane gida, a ninka da ƙwallayen, a tara.

Yaya ya kalle ni, ya zuba goma a gidan Inna. Na yi hamdala.

"Kunyar ƙanenka ce ta zuba waɗannan," in ji injiniyan, sannan ya juyo gare ni. "Malam, je ka sha iska."

Da na dawo, uku ne a gidan Inna, tara a lafiya. Lambu ya ci. Da ɗan lissafina na firamare na sake ninkawa, na sake, ban sami kuskure ba.

"Yaya, Inna fa! Uku?"

Ya ɗauki ɗaya daga lafiya zai mayar gidan Inna, hannunsa ya tsaya. A nan ya gaya mini tarin da yake ɓoye mana tun bara, da likitan nan da ya san ƙirjin ƴan rami. A ƙauyenmu babu irinsa.

Hanyar dawowa ban ga komai ba, ina ta juya abin da zan faɗa. Shekara guda muna waya da shi, kullum tambayata yaushe zai taho, ban taɓa tambayar me ya riƙe shi ba. Wannan na koyo.

Inna ta tare ni a zaure, tana leƙen bayana. Ban iya yi mata ƙarya ba. Da na gama, ta ce, "Motar nan taku, tsohuwa za ta iya jure ta?"