Neman Littafin 'Yar Gyaɗa

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Gidan Sori, ni da ɗan gwaggona, wanda ya rantse ya biyo ni ne kawai don ya ga inda haukana zai tsaya. Ku da kuka dame ni da tambayar abin da ya fitar da mushen lakol, wato malamin makaranta irina, daga gida cikin wannan fari, to ba hatsi na tafi nema ba, ba kuma ci-rani ba. Littafi na tafi nema, na gyaran mota.

Motar ta marigayi babanmu ce, doguwa, baƙa wuluk, ƙirar Jamus, kujerunta na fata, irin wadda a da sai kumandan ko babban alhaji ke shiga. Ta hannu ya saya lokacin da gyaɗa ke kuɗi, shi ya sa duk gari ke ce mata 'Yar Gyaɗa. Tun bara ta mutu a ƙofar gida, makanikin da ya san kanta kuma yunwa ta kora shi Najeriya. Yayanmu ya gaji da kallonta, ya yi magana da wani maƙeri a fasa ta, a cire ƙafafun a yi amalanke. Na ce amalanke da wane sa? Shanun garin da ƙyar suke tsayuwa, ga hatsin taimako ana saukewa a Gidan Rumji, mu kuwa ba mu da abin ɗauko shi. Sai ya ce mini, "Kai ne mai boko. In ka tada ta, ta tsira. In maƙerin ya dawo ya tarar da ita haka, guduma ce."

Ni fa ko taya ban taɓa kwancewa ba. Abin da nake so shi ne littafin 'yan koyo, mai hotuna, wanda zai kama hannuna ya ce taɓa nan, kar ka taɓa can.

Amalanken jaki muka hau zuwa bakin kwalta, amma gaskiya mu muka fi jakin aiki, don duk inda yashi ya yi zurfi sai mu sauka mu tura. Gonaki fayau, ko kara babu. A bakin hanya mata na jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa, suna ta raha da juna kamar ba su ne suka kwana da ɗan abin da ba ya isa ba. Wannan raha tasu ta ƙara mini ƙarfi.

A Maradi na zaga masu sayar da littattafai har ƙafata ta yi zafi. Na karatun yara ne birjik. Guda ɗaya na samu na mota, ƙato, Faransancinsa mai ƙaho, na karanta shafi guda ban gane ko mota ake gyarawa ba ko jirgin sama. Ɗan gwaggona ya ce in saya, ko ba komai ya yi matashi. Wani mai gareji ne ya tausaya mini, ya ce in je Agiye in tambayi tsofaffin direbobin tasha.

Motar Agiye an cusa mu kamar goro cikin huhu. Jandarma sun tsayar da mu, ɗaya ya tambaye ni abin da zan yi gabas, na gaya masa gaskiya. Ya dube ni, ya dubi abokin aikinsa, ya miƙo mini takardata. A kasuwar Agiye abin mamaki ne: tiyar hatsi ta yi tsadar da sai ka tambaya sau biyu, nama kuwa ya faɗi warwas, don makiyaya na ta sayar da dabbobi kafin su mutu a hannunsu. Muka ci tsire har muka ji kunya, muka bi shi da garin rogo jiƙaƙƙe. Ɗan gwaggona ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin shekarar da talaka ke cin nama don ya rasa tuwo ba.

A tasha wani dattijo mai yankan tikiti ya saurare ni sarai, ya ce akwai wani tsohon direba a Gangara da ya yi shekaru yana tuƙa wani Bature a irin motar nan sak. Da Baturen zai koma gida ya bar masa kayansa, har da littafi ja mai hotuna, wanda da shi Baturen ke ɗan taɓa gyara da kansa ranar hutu. Wallahi ji na yi kamar in rungume shi.

Muka kwana a Gazawa wajen wani abokin karatuna, da hantsi muka sami kamiyo, babbar motar kayan 'yan kasuwa, zuwa Gangara. Hanyar ba ta da kirki, kowane rami sai ka ji shi a ƙugu, amma ni ina bisa buhunan gishiri ina ta waƙe-waƙe.

Mun tarar da tsohon a zaurensa, idonsa ya yi rauni, bakinsa kuwa garau. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi ta dariya, ya ce shi tuƙi ya iya, littafin bai taɓa buɗe shi ba. Ya sa aka fito da akwatin ƙarfe, ya lalubo shi ya miƙo mini. Ja ne, Faransancinsa sauƙi kamar na aji uku, komai ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ko'ina an rubuta "dubi hoto", hoton kuwa babu. Duk shafin da ke da zane an yage shi tsaf.

"Baba, ina hotunan?"

"Suna hannun da ya fi ƙarfina," in ji shi. "Suna ɗakin tsohuwa."

Ashe matarsa ce ta yage su tun da daɗewa ta liƙe a bangon ɗakinta da ƙaro, ta yi ado da su a bayan jeren kwanoninta, yadda mata ke yi da duk takarda mai kyan zane. Ga shi gidan ba a shiga. Tsohon ya ce tunda ya kafa gidan, namijin da ba muharrami ba bai taɓa wuce zauren nan ba, kuma ba zai fara a kaina ba. Na zauna jugum da rabin littafi a cinya, sauran rabin na bayan katanga ɗaya tak. Raina ya ɓaci ƙwarai, ɗan gwaggona ma a karon nan bai yi tsiya ba.

Tsohuwar ce ta raba gardama. Duk tana jin mu daga bayan zana. Ta tambayi shekaruna da sunan kakata, sannan ta ce, "Malam, wannan ai sa'an jikanka ne. Jika kuwa miji ne. Wa ya taɓa hana miji shiga ɗakinsa? Shigo, angona, amma ka bar wancan mai dogon bakin a waje."

Tsohon ya yi gyaran murya, ya ce tunda kishiya aka yi masa a gabansa, shi ba shi da ta cewa.

Jama'a, ban taɓa ganin ɗaki irin wannan ba. Kwanoni ja da shuɗi jere har sama, a bayansu kuma cikin 'Yar Gyaɗa ne gaba ɗaya a bango: injin, birki, matatar mai, wasu a tsaye, wasu kai ƙasa, don ita da kyan zane ta jera su. Ta ce wancan mai kama da hanjin rago shi ta fi so. Muka sauke kwanonin tare, ta ba ni wuƙar yankan kuɓewa, na dinga ɓamɓaro shafukan a hankali, kowanne da ɓawon ƙasa a bayansa. Tana tsaye a kaina tana faɗa, wai ango ya zo bai kawo ko turmin zane ba, ya tuɓe mata bango. Da na kai kan na ƙarshe, hoton motar ce cikakkiya, sai ta riƙe mini hannu. "Wannan ba ya gyara komai, ka bar mini. A cikin irinta na fara ganin Malam." Na bar mata. Hatsin guzurinmu na juye mata a ƙwarya, ta ƙi, ta ƙi, sannan ta karɓa.

A hanyar dawowa littafin ya yi kumburi da ƙasar Gangara har ba ya rufuwa, na ɗaure shi da igiya na rungume. Cikin mota nake jera shafukan, a nan kuma na ci karo da ciwon 'Yar Gyaɗa. Bara man gazuwal ne ya ƙare mata a hanya, aka jawo ta gida, aka zuba wani, ta ƙi tashi. Littafin ya ce irin wannan injin in mai ya ƙare masa iska yake sha, sai an fitar da iskar da wani ɗan famfo da ke gefensa. Ga famfon nan a hoto, an nuna shi da kibiya.

Mun iso gida maƙerin bai riga mu ba. Washegari na ari batir wajen wani mai kamiyo, na wanke matatar mai, na sassauta ƙusar da aka nuna, na yi ta danna famfon har kumfa ta daina fita. Rabin gari na tsaye a kaina, yayanmu na gefe ya harɗe hannu. Na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Na sake. Sai ta kama, da wani baƙin hayaƙi da ya kori kaji har bayan gari. Mata suka ɗauki guɗa, yayanmu ya juya baya yana gyara hula, amma na ga yana share ido.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, fari ya cinye gonaki da garke, amma bai taɓa kirkin mutane ba. Daga mai gareji har tsohuwar Gangara, kowa abin da yake da shi ya miƙo mini.

Da muka shirya tafiyar farko zuwa ɗauko hatsi, sai ga Inna ta fito da mayafinta na zuwa suna, ta tsaya jikin ƙofar gaba.

"Inna, ina zuwa?"

"Gidan Rumji mana. Tun ranar da ubanku ya kawo motar nan nake share ƙarƙashinta, ban taɓa sanin yadda cikinta yake ba. Buɗe mini."

Na buɗe mata. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta yi bisimilla, sannan ta shiga.