Haƙorin Makkan Hajiya Kulu

Na yi ritaya, na manta sunayen kayan aiki da yawa, amma ranar da aka kawo mana Hajiya Kulu daga Liba tana nan a raina daram. Lokacin cire albasa ne, motoci na ta fitowa daga Aliero shaƙe da buhuna, warinta har cikin ɗakinmu na haƙori a wani asibiti da ke yankin Jega.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, likita ce ke duba baki, ta yi allura, ta cire ko ta cike haƙori. Akwai mai wanke haƙora, akwai mai miƙa kayan aiki. Ni kuwa aikina haɗa haƙoran roba ne a ɗan ɗakina na baya, amma da yake hannu bai ishe mu ba, ni ne kuma mai karɓar kati da tambayar mara lafiya abin da ya kawo shi.

Wata uku ke nan da aka turo mana Dakta Rabi, bayan an yi wa likitanmu namiji canjin wurin aiki. Ba zan ɓoye muku ba, na raina ta. 'Yar siririya ce, muryarta ƙasa-ƙasa, har na ce wa abokan aiki ranar da haƙorin matauni ya ƙi fita, ni za a kira in taya ta ja. Ba a taɓa kirana ba.

Ran nan wani magidanci, Malam Umaru, ya shigo da mahaifiyarsa. Ta ja mayafi ta rufe baki da hanci, amma kumburin ya ƙi ɓoyuwa. Kuncinta na hagu ya tashi har idon ya kusa rufewa, jikinta zafi rau. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san kumburin da ya doshi ido ba abin wasa ba ne, yana iya tafiya da rai.

Na ce, "Hajiya, mi ad damuwa?"

Ta dubi ƙasa ta ce, "Ba komi. Lahiyata lau."

Umaru ya ce, "Ka jiya ko? Sati biyu ba ta cin tuwo, sai kunu. Haƙorinta na Makka na, shi ar ruɓe daga ciki."

Nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Cikin gadarar tsohon ma'aikaci na ce, "Wanga ai mai sauƙi na. A cire shi a yas, a huta."

Tsohuwa ta dafa benci ta miƙe, ta nufi ƙofa. Umaru na roƙo, ko waiwayensa ba ta yi ba.

Dakta Rabi ta fito daga ciki tana cire safar hannu. Tambaya ɗaya ta yi wa Umaru, shin shi ne ɗan fari? Ya ce shi ne. Sai ta ce, "To Malam, kai da Malam Shehu ku ɗan sha iska a waje." Malam Shehu kuwa ni ne. Shekara ashirin ina wannan ɗaki, yarinyar da na girme wa ta kore ni, kuma da gaskiyarta. Ni da aka haifa a garin nan na manta cewa irin su Hajiya ko sunan ɗan fari ba sa faɗi, balle su yi raki a gabansa, balle kuma su wangale baki wani ƙato na leƙawa.

Muna zaune a baranda ina jiyo su ta taga. Likita ba ta kai ta kujerar aiki ba, benci suka zauna tare. Ta tambaye ta jikoki, ta tambaye ta ko an gama cire albasa a Liba. Can, da alama tsohuwa ta sauke mayafi, likita ta ce, "Inna, wa ya sa miki haƙorin nan? Ya yi kyau."

Sai na ji muryar tsohuwa. "Malam na, Allah shi jiƙanai. Shekarad da albasa tay yi albarka munka tai Makka tare. Shi yaz zaɓa min da hannunai. Gona an raba, ɗaki ya hwaɗi, shi ɗai yar rage min. Kuma a ce a yas?"

"Ba mai yar da shi, Inna. Haƙorin da ke ciki ne ya mutu, shi ke neman kashe ki. Zinaren kuwa riga ce aka sa masa, kuma rigar taki ce. A tafin hannunki zan sa miki ita."

Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba. Umaru ma ya juya baya yana goge ido da hannun riga, domin bai taɓa jin wannan magana daga bakinta ba.

Aikin bai kai rabin awa ba. Aka yi allurar kashe zafi, aka cire haƙorin, aka matse mugunya, aka kwantar da ita kwana biyu ana ba ta magani har kumburin ya saɓe. Likita da kanta ta zare zinaren daga ruɓaɓɓen haƙorin, ta wanke, ta dafa shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ta ba ta. Hajiya ta ƙulle shi a bakin zane.

Bayan sati shida, da dasashi ya warke, ta dawo. Likita ta auna bakin da irin kwaɓin da muke danna wa haƙora ya ɗauki siffarsu, ta kawo mini ɗakina tare da zinaren a cikin auduga. Ta ce, "Malam Shehu, kai ka ce a yar. To kai za ka mayar."

Kwana uku na yi a kan haƙori ɗaya tal. Na goge na roba sannu a hankali har rigar zinaren ta zauna masa cif. Ban taɓa yi wa wani aiki irin wannan tattali ba, kuma bakin da na yi wa ban taɓa ganin cikinsa ba.

Daga nan mata suka fara zuwa, daga Karaye, daga Jandutsi, wasu da ciwon da suka shekara suna danne shi da kanumfari. Da can muna cewa matan ƙauye ba sa ciwon haƙori. Ashe suna yi, wanda za su buɗe wa baki ne babu. Ni dai abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa masu tasowa: kafin ka ce a cire, tambayi abin da haƙorin yake a wurin mai shi, ka kuma duba wa ke tsaye a ɗakin.

Ranar da aka sa mata haƙorin ina bakin ƙofa ina jera kati. Ta fito da mayafinta a baki kamar kullum, ta wuce ni, sai ta tsaya. Ta ce, "Kai na mai cewa a yas?"

Na ce, "Ni na, Hajiya. A gahwarce ni."

Ta sauke mayafin kaɗan, ta yi murmushi, zinaren ya haska. Sannan ta mayar da mayafinta ta bi bayan ɗanta.